Ƙararrawar da Ta Raba Ni da Ɗankwalina

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A kasuwa, a bakin famfo, har a ƙofar coci, kowa sai ya tare ni: "Maman Rifkatu, yaya Amurka?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda na ba shi, kafin ya kai gida ya ƙara masa gishiri. Matan zumuntar cocinmu kuwa tasu tambayar ɗaya ce: ina ɗankwalin ankonmu, wanda na tafi da shi a kaina na dawo babu? Wata har ta ce wai wa Baturiya na ba don neman suna. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni na sha iska.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Rifkatu, 'yata ta fari, nas ce a can, tana zaune da mijinta Yohanna a wani gari da ake ce wa Largo, kusa da Washington. Ciki biyu ta yi a baya suka zube. Na ukun ya zauna, amma likitoci sun ce jininta yana hawa, kuma sai an yi mata aiki za a ciro abin da ke cikin. Da take gaya mini a waya dariya take yi, ni kuwa na san dariyar, irin wadda nas ke yi wa mara lafiya ce don kada ya tsorata. Na ce mata ta ajiye dariyar ta nema mini biza. Tun daga ranar ban sake yin barcin kirki ba.

Daga Kafanchan zuwa Abuja direban ya danne jakata da buhunan citta. Na yi magana, ya ce, "Mama, ai turare ne kyauta." Haka na shiga jirgi ina ƙamshin yaji, har matar da ke kusa da ni ta yi ta atishawa tana kallona. Abincin jirgi ba sai na faɗa ba, an kawo mini wani ɗan ƙunshi kamar na maganin asibiti, na buɗe na rufe, na ciro gyaɗata. Mun sauka a wata ƙasar Turai mun canja jirgi, a nan na ga wani dogon mutum da babbar riga, na yi murna na zuba masa gaisuwa tun daga gajiya har iyali. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya amsa mini da Faransanci.

A bakin shiga Amurka kare ne ya fara karɓata. Ya wuce mutane da yawa bai kula su ba, ya zo ya zauna a gaban jakata kamar ya ga 'yar'uwarsa. Jami'in ya buɗe, ya ɗauke kilishin da na riƙo wa surukina, ya ce nama ba ya shiga, ya faɗa da ladabi har ya ba ni haƙuri. Kuka da kuɓewa busasshiya suka wuce. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa sai ya ja da baya, ya tambaye ni ko abinci ne ko magani. Na ce masa duka biyun. Ya kira wani, suka duba, suka shinshina, suka yi shawara, daga ƙarshe ya ɗaure mini abata da hannunsa ya ce na tafi. Ina jin so yake ta bar masa ofis.

Yohanna ya zo tarona da wata rigar sanyi mai nauyin bargo. Ya durƙusa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, abin ya yi mini daɗi, na ce Amurka ba ta cinye shi duka ba. Rifkatu tana gida. Na ga ƙafafunta yadda suka kumbura, amma na ce mata ta yi kyau.

Gidajen unguwarsu a manne suke da juna, iri ɗaya, kamar barikin 'yan sanda da aka yi wa fenti. Ba yaro a waje, ba akuya, ba mai tallan komai. Mutum ya fito daga mota, ya shige gida, ƙofa ta rufe. Kwanakin farko na riƙa zama a bakin taga ina jiran wanda zai shigo yi mini sannu da zuwa, har Rifkatu ta ce, "Mama, a nan sai an yi waya kafin a zo." Na ce to wanda ba shi da lafiyar ɗaga waya fa? Ta ce shi ma akwai lambar da zai kira.

Daddawar nan ce ta samo mini ƙawa. Na ɗora manja na zuba ta ina soyawa, sai wani ɗan farin abu a rufin ɗaki ya fasa ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ashe mai gadin hayaƙi ne. Ina tsaye da ludayi ban san inda zan nufa ba, sai aka buga ƙofa. Wata mata ce gajera mai jiki, da hijabi a kan kayan aikin jinya, ta ce da Hausa, "Ei! Wane ne ke soya daddawa a garin nan bai kira ni ba?" Hajiya Mariyama ke nan, maƙwabciyarsu, 'yar Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi. Ta ɗauki tawul ta yi wa abin fifita har ya yi shiru. Washegari ta kawo mini shinkafa da wake da suke ce wa wace, mai ja, da wani baƙin yaji da ya sa ni hawaye. Hausarta daban, tawa daban, kowace tana ganin ta ɗayar ce ta karkace, amma ba mu taɓa rasa abin hira ba.

Ran Lahadi suka kai ni cocinsu. Ba nisa, ana hango hasumiyarsa daga ƙofar gida. Na zaci zan ga gini mai gilashi irin na talabijin, sai na tarar da ɗan ƙaramin coci na jan bulo, tsoho tukuf, kaburbura sun kewaye shi har bakin ƙofa. Mu da muke kai matattunmu bayan gari, ga mutane suna ratsa nasu da takalman Lahadi. Rabaran ɗinsu mace ce, Baturiya, siririya. Kafin na gyara zama an gama wa'azi. Ba a karanta sanarwa ko ɗaya ba, wai a waya ake tura wa kowa. Na yaba da wannan ƙwarai, na ce da za a kawo mana shi da mun riƙa cin abincin rana da zafinsa. Ban san abin da nake yabo ba.

Bayan sujada wata tsohuwa baƙar Ba'amurkiya ta kama hannuna. Sunanta Mis Doroti, ta girme ni, tana dogara sanda, kuma ita ce ta san tarihin wurin. Shekarun da na yi ina koyar da Turanci a firamare sun yi mini rana, ko da yake sai na kasa kunne sosai, don nata Turancin a hanci yake fita. Ta ce an gina cocin tun Ingila tana mulkinsu kamar yadda ta mulke mu, kuma a lokacin da ganyen taba ake biyan limamin. Bayi ne suka noma tabar, su suka buga bulon. Ta nuna mini wani ɗan bene a bayan coci, mai ƙofa ta waje, ta ce a can kakanninta suke zama su ji wa'azi ta saman kawunan iyayen gijinsu. Yanzu 'yan mawaƙa ne ke zama a wurin, har da surukina Yohanna.

Ƙararrawa biyu ce a hasumiyar. Babbar a jirgin ruwa aka kawo ta, ta taɓa tsagewa aka narke ta aka sake zuba ta, ita ake kaɗawa ran Lahadi. Ƙaramar kuwa, in ji Mis Doroti, ba don coci aka yi ta ba. A wata gonar taba take rataye, da ita ake tashin bayi su fita aiki, sai bayan an 'yanta su aka kawo ta nan. Daga nan ta zagaya da ni bayan ginin. Kaburburan gaba duk da duwatsu masu suna da rubutu. Can bayan wani tsohon shinge kuwa, ƙarƙashin itatuwa, sai 'yan duwatsu irin na murhu a jere, babu ko harafi a jikinsu. Ta ce, "Mutanena ne. Ba mu san sunan ko ɗaya ba." Ban san gaisuwar da ake yi wa irin wannan ba.

Ta tambaye ni ko muna da ƙararrawa a gida. Na yi dariya na ce muna da ita, ƙarfen ƙafar tirela ne a rataye a jikin mangwaro. Amma na gaya mata tamu tana magana. In an buga ta da sauri, sujada ce ko murna. In kuwa aka buga ta ɗaya, aka yi shiru, aka sake buga ɗaya, a ranar da ba ta sujada ba, to wani ɗan ikilisiya ya tafi. Kuma a wurinmu ba a gaya wa uwa ko mata mutuwa kai tsaye. Fasto ake fara gaya wa, a buga ƙarfe, sannan dattawa su taho gidan a hankali. Abin da ban gaya mata ba shi ne, haka na ji mutuwar Baban Rifkatu. Ina dama masa kunun da zan kai asibiti na ji ƙarfen, har na ce Allah sarki, ko wane ne, sai na ga dattawa sun karyo kwanar gidana.

An sa ranar aikin Rifkatu a mako na gaba, saboda haka ran da suka fita awo da safe ban bi su ba. Ina wanke-wanke waya ta yi ƙara. Yohanna ne.

"Mama, jinin ya hau sosai. Sun ce ba za a jira ba, yanzu za su shiga da ita."

"Ba ni ita."

"Sun riga sun tura ta, Mama. Ki yi addu'a, zan kira ki."

Ya kashe. Na shiga ɗaki na ɗauko ɗankwalin zumunta na ɗaura, don da shi nake addu'a in abu ya yi tsanani. Na durƙusa, na tashi, na sake durƙusawa. Na kira Yohanna, ba a ɗauka ba. Na sake kira, wata Baturiya ta ce na bar saƙo. Rana ta ɗaga, shiru. Na buga wa Hajiya ƙofa, ta dawo daga aiki ke nan ko takalmi ba ta cire ba. Ita ma ta kira da tata wayar, ba a ɗauka ba. Ta ce, "Maman Rifkatu, kwantar da hankalinki, bari na watsa ruwa na kai ki asibitin da kaina." Na koma na tsaya a ƙofar gida ina jiranta.

A nan na ji ta. Ba babbar ba, ƙaramar, mai siririyar murya. Ta buga ɗaya, ta yi shiru. Na ce a raina agogo ne. Ta sake buga ɗaya, ta yi shiru mai tsawo. Ranar ba Lahadi ba ce. Rifkatu 'yar cocin ce, mijinta ɗan mawaƙa, kuma yaro ne mai tarbiyya wanda ba zai taɓa gaya wa surukarsa irin wannan magana a waya ba. Rabaran ce zai fara gaya wa. Shi ya sa ba ya ɗaukar wayata. Komai ya zauna daidai a kaina, ban bar wa shakka wuri ba.

Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Sanyin ƙasarsu yana cizo, amma ban ji shi ba sai daga baya. Na ce ba zan sake tsayawa a ƙofa ina kallon dattawa suna tahowa ba, wannan karon ni zan je na same su. Ina isa na ga motoci a harabar coci, na ga mutane tsaye da baƙaƙen kaya, na hango Rabaran da farar rigarta. Na kutsa cikinsu. Na fizge ɗankwalin na yar, na zube a kan busassun ganye, na kurma ihu irin na gida, wanda ake ji daga ƙauye zuwa ƙauye. "Wayyo Rifkatu! Wayyo 'yata, na zo na same ki na kasa riƙe ki!" Na yi da Hausa, na yi da yarenmu, na birgima. Ƙararrawar ba ta daina ba.

Ba wanda ya hana ni. Mutanen suka buɗa, wasu suka fara share hawaye. Sai na ji hannu a bayana, Mis Doroti ce ta ajiye sandarta ta durƙusa da ƙyar, ta rungume ni tana jijjiga ni, ita ma tana kuka. Wannan ya ƙara tabbatar mini. Da Rabaran ta sunkuyo na cafke bakin rigarta na ce da Turanci, "Ki faɗa mini kawai. Ita ce, ko yaron, ko su biyun?"

Ta dube ni, ta dubi Mis Doroti. Ta ce, "Wa kike nufi?"

"Rifkatu! Ba ita kuke kaɗa wa ba?"

Mis Doroti ta saki baki, na ga ta tuna abin da na gaya mata na ƙarfen mangwaro. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "A'a, a'a, 'yar'uwa. Ba 'yarki ba ce. Dubi inda kike." Na duba. Ashe a bayan tsohon shingen nan na faɗi, a tsakiyar duwatsun da ba su da suna. Kowace shekara a irin wannan rana suke taruwa a nan, a kaɗa ƙararrawar gonar sau ɗaya domin kowane dutse, tun da ba su da sunan da za a kira. An tura sanarwar a waya, kowa ya sani sai ni.

Ina zaune a ƙasa ban gama fahimta ba, sai ga Hajiya Mariyama ta ratso kaburburan Kirista da gudu, hijabi yana tashi, takalmana a hannu ɗaya, waya a ɗayan, tana haki.

"Ei, Maman Rifkatu, za ki kashe ni! Tashi! Mace ce! Uwa da 'ya lafiya lau!"

Ta manna mini wayar a kunne. Yohanna yana dariya yana kuka, yana ba ni haƙuri, wai a ɗakin aikin aka sa shi ya ajiye waya. Ban ji rabin abin da ya ce ba. A bayansa akwai wata 'yar murya tana tsala ihu, ta fi mai gadin hayaƙin nan ƙarfi. Na ji kamar an sauke mini buhun citta daga ƙirji. Na ce, "Na gode, Yesu," Hajiya ta ce, "Alhamdu lillahi," Rabaran ta faɗa wa jama'a, sai wurin makoki ya kaure da tafi.

Daga nan kunya ta zo. Tsohuwar malama, ba takalmi, ba ɗankwali, ganye a gashi, na ɓata wa mutane taronsu. Na fara ba Mis Doroti haƙuri, ta girgiza kai. Ta ce, "Shekara da shekaru muna zuwa nan muna tsayawa shiru kamar a ofis. Ba a bar uwayensu sun yi musu kuka ba. Yau ne na fara jin an yi musu irin kukan da ya kamace su, kuma da harshen can." Na ce mata ai ba su na yi wa ba. Ta ce, "Sun ji dai."

Ɗankwalina yana can ya faɗa a kan wani ɗan ƙaramin dutse a ƙarshen layi, ƙarami sosai, ban tsammanin babba ne a ƙarƙashinsa. Na miƙa hannu zan ɗauka sai na fasa. Na yi tunanin wata mata a wani ƙauye a wajenmu, da ta tsaya a ƙofa tana jiran ɗanta ko jikarta, ba a buga mata ƙarfe ba, dattawa ba su zo ba, har ta mutu tana duban hanya. Ni safiya ɗaya na yi a wannan hali na kusa haukacewa. Na durƙusa na ɗaura wa dutsen ɗankwalin, ɗaurin gida, na ja shi ya zauna da kyau yadda iska ba za ta ɗauke ba.

Hajiya ta kai ni asibiti da kaina a buɗe, tana yi mini tsiya har muka isa, wai ba ta taɓa ganin tsohuwa mai gudun barewa ba. Na sami Rifkatu a kwance, ta yi fari, idonta rabi a rufe. Ban je wurin jaririyar ba tukuna. Na ɗaga bargo na kama ƙafar 'yata, na ji ta da ɗumi, na riƙe na ƙi saki. Ta buɗe ido ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a hankali, "Mama, ina ɗankwalinki?" Na ce mata labarin mai tsawo ne, ta bari sai ɗinkin ya warke, don dariya za ta yi.

Sunan yarinyar Godiya. Na zauna har ta fara riƙe wuya, na yi wa uwarta ruwan zafi da kunun kanwa duk da gunagunin Yohanna, sannan na dawo. Ran da aka kai ta coci babbar ƙararrawar aka kaɗa, da sauri, kuma kafin mu shiga na zagaya baya na ga ɗankwalin yana nan, ruwa da sanyi sun fara cin kalarsa.

To matan zumunta, kun ji inda yake. Ban sayar ba, ban ba wa Baturiya ba, kuma ba zan aika a kwance shi ba. Zan sayi wani in an kawo sabon yadi. Wancan yana kan ɗiyar wata, wadda ba a taɓa zuwa an gaya wa uwarta ba.